Daga Arewa zuwa Agadas a jirgin sama: wuni guda ya isa?

Motocin fasinja masu zuwa Agadas ta Dogon Dutsi suke bi. Suna tasowa daga Yamai tun da asuba, su wuce Doso da Kore Mai Ruwa, su tsaya Dogon Dutsi a sha ruwa. Daga nan sai Birnin Ƙonni, sai Tawa, sai Abalak. Samarin Arewa da yawa sun bi wannan hanya wajen neman kuɗi, balle tun 2014 da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten. Iyayensu kuwa sunan garin kaɗai suke ji a bakin yaran, in sun kira waya.

A ɗauki misalin wani manomi na gundumar Tibiri. Ɗansa ya shekara biyu a Agadas. Kaka ta yi kyau, hatsi ya shiga rumbu, an saida wake. Ɗan ya ce zai biya masa jirgin sama, ya zo da safe ya ga gari, ya koma da marece. Dattijo na son zuwa, amma akwai bisashe a gida, akwai garkar rani da ke son ban ruwa. Shin wuni gudan nan gaskiya ne? Kuma me zai gani a cikinsa?

HANYA TA FARA DA KOMAWA BAYA

Jirgin fasinja ba ya sauka Dogon Dutsi, ba ya sauka Tibiri. Agadas tana arewa maso gabas, amma mai son jirgi sai ya fara juya mata baya, ya nufi yamma. Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kilomita kamar 275 ne. Ke nan akwai wunin zuwa Yamai, akwai wunin jirgi, akwai wunin komowa gida. Wuni guda na mutumin Yamai kwana uku ne ga Ba'are.

A mota, daga Dogon Dutsi zuwa Agadas kusan kilomita 700 ne. Kwaltar da ta tashi daga Tawa ta bi Agadas zuwa Arlit an yi ta ne a ƙarshen shekarun 1970, domin ɗaukar ƙarfen uraniyom. Manyan motoci sun daɗe suna cin ta. Wanda ya bi ta ya san gajiyarta. Tsoho mai ciwon baya, in ya isa, sai ya kwana biyu yana hutu kafin ya iya yawo.

A sama kuwa, tsakanin Yamai da Agadas kilomita kamar 740 ne, domin jirgi ba ya bin kwana-kwanar hanya. In bai ratsa wani gari ba, awa 2 ta ishe shi, wani lokaci ma ba ta cika. Amma kuɗinsa ya ninka na mota sau da yawa. Ba abin da za a taɓa hatsin ci dominsa ba ne.

Jiragen cikin gida sun sha tashi da faɗuwa a Nijar. Kamfanin Air Niger ya fara a 1966, ya tsaya a 1993. Air Afrique, wanda Nijar ta yi tarayya da wasu ƙasashen Afirka a cikinsa tun 1961, ya rushe a 2002. A 2014 Niger Airlines ya fara kai mutane Zinder da Agadas. Jirgin cikin gida ba kamar motar tasha ba ne, wadda in ta cika wata ta biyo baya. Yana da ranakunsa, kuma ranakun suna sakewa. Saboda haka tambaya ta farko a wurin saida tikiti ita ce: akwai jirgin komowa a wannan rana? In babu, to zancen wuni guda ya mutu tun nan, sai a yi shirin kwana. Kuma daga watan Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya rufe sama, jirgi na iya yin latti ko ya fasa tashi. Wanda ya bar bisashensa hannun maƙwabci ya faɗa masa haka tun farko.

A FILIN JIRGI

Filin jirgin Yamai sunan shugaban Nijar na farko yake ɗauke da shi, Diori Hamani. An sabunta shi a 2019. Matafiyi ya zo da wuri, da tikiti da katin shaidar ɗan ƙasa. Sunan da ke kan tikiti dole ya zama daidai da na kati. A duba tun ranar saye.

Nan karatun yaƙi da jahilci ke yin rana. Takardar shiga jirgi da Faransanci aka rubuta ta, amma abin da ake bukata a cikinta lamba ce da harafi. In an rubuta 12 A, to layi na 12 ne, kujerar A, kuma kujerar A tana jikin taga. In an rubuta 14h30, ƙarfe biyu da rabi na rana ke nan: duk lambar da ta wuce 12, a cire mata 12. Wanda ya san wannan ba sai ya riƙa miƙa takardarsa ga baƙo ba.

Makiyayi ba ya fita gida ba wuƙa a ƙugu. To, wuƙa ba ta shiga jirgi a jikin mutum, haka aska, haka takobi. Ko dai a bar su gida, ko a sa su cikin jakar da za a auna a kai cikin cikin jirgi. In na'ura ta gan su a aljihu, karɓewa za a yi. Kaya kuma suna da iyakar kilo, abin da ya haura sai an biya.

A cikin jirgi ana ɗaure ɗamarar kujera lokacin tashi da lokacin sauka. Kunne kan toshe, ba ciwo ba ne, nauyin iska ne ke sakewa. Haɗiyar miyau na buɗe shi, taunar goro ma haka.

Wanda ya samu taga, in sama ta yi garau, zai ga abin da ba a gani daga ƙasa. Jirgin na bi ta arewa da ƙasar Arewa. Da farko gonaki ne manne da juna kamar bantalen tufa, da garuruwa kusa-kusa, da dallol mai duhun itatuwa. Can gaban Tawa gonakin sai su ragu, su ragu, har su ƙare. Sai dajin kiwo, sai hanyoyin bisashe sirara da suka taru wuri guda kamar zaren gizo-gizo, wurin rijiya ke nan. Daga nan sai rairayi da baƙin dutse. Manomi na jin ana cewa noma yana da iyaka a arewa. Daga taga da idonsa zai ga iyakar. A Dogon Dutsi ruwan shekara kan kai milimita 500 ko fiye. A Agadas yawancin shekaru ba ya kai 200.

CIKIN GARI

Filin jirgin Agadas ana ce masa Mano Dayak, sunan wani jagoran Abzinawa da ya rasu a haɗarin jirgin sama cikin duwatsun Abzin a watan Disamba na 1995. Filin yana bakin gari, ba nisa.

Abu na farko da zai kwantar wa Ba'are da hankali shi ne harshe. Agadas garin Sarkin Abzin ne, amma Hausa ake yi a kasuwa da tituna. Ba ya bukatar tafinta.

Mai wuni guda ya fara da babban masallaci, tun rana ba ta yi zafi ba. Ba a ɓacewa, domin hasumiyarsa ana hangen ta daga ko'ina. Tsawonta mita 27, kuma duk da laka aka yi ta, irin lakar da ake gina rumbu. Tana da faɗi a ƙasa, tana tsukewa a sama. Itatuwan da suka fito a jikinta ba ado ba ne kawai: suna riƙe ginin, kuma a kansu magina ke takawa in za a yi yaɓe. An gina masallacin wajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. In mai kula da wurin ya yarda, ana hawa ta ciki. Matakalar tana da ƙunci, can sama sai an sunkuya, mai babbar riga gara ya tuɓe ta. Daga ƙoli ana ganin gari duka, ja wur, da duwatsun Abzin daga arewa.

Shekarar 1515 ɗin nan ta shafi maƙwabtan Arewa. A lokacin ne Askiya Muhammadu na Songai ya kawo yaƙi Agadas, kuma Kanta na Kabi yana cikin rundunarsa. Da aka komo, rabon ganima ya haɗa su faɗa, Kanta ya ɓalle, Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Fadar Sarkin Abzin tana dab da masallaci. Sarautar ta fi shekara 500. A nan Sarki Tagama ya mara wa Kawusan baya, suka tsare sojan Faransa cikin barikinsu daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da Turawa suka samu ɗauki, sun kashe mutane da yawa a garin, har da malamai. Wanda ya tashi yana jin labarin Sarauniyar Lugu da yaƙin 1899 ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Tsohon gari unguwa 11 ne, lunguna a karkace, domin an ce gidajen sun bi sawun zangon da Abzinawa suka fara kafawa. Akwai gidan da Bajamushen nan Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya. Da can jirage na kawo Turawa masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa. Tawayen 2007 da sace-sacen mutane da suka biyo baya sun kashe wannan kasuwa. Maƙeran azurfa, masu yin abin wuyan nan mai kusurwa huɗu da ya yi suna da sunan Agadas, su suka fi jin jiki. Baƙo ɗan ƙasa da ya tsaya ya taya, maraba suke da shi.

KASUWAR BISASHE DA GISHIRI

Ga makiyayi, nan ne zuciyar tafiyar. Raƙuma farare dogaye, awaki, tumaki, jakai, da ciyawar daji ɗaure-ɗaure ana saidawa kamar hatsi. Ya tambayi kuɗin akuya, ya gwada da na Matankari ko na Geceme. Ya tambayi kuɗin tiyar hatsi ma. Hatsin da ake ci a Agadas daga kudu yake zuwa, kuma kuɗin mota yana kansa. In ya ji farashin, zai gane dalilin da ya sa abin da ɗansa ke aikowa gida bai kai yadda ake zato ba.

A gefe ga kantun gishiri jere. Daga Fashi da Bilma yake fitowa, gabas da Agadas; Bilma tana bayan hamadar Tenere, wajen kilomita 600 daga Agadas. Bayan damina ayarin raƙuma kan tashi daga Abzin da hatsi, su ƙetare rairayi, su musanya shi da gishiri da dabino, su komo, sannan su gangara kudu kasuwannin ƙasar Hausa. Yanzu manyan motoci sun karɓe rabo mai yawa na wannan fatauci. Kantu na bisashe ne, beza kuwa ta miya.

Sai dai a tuna da ma'aunin filin jirgi. Kantu guda na iya cinye kilon da aka yarda wa mutum. Mai son gishiri ya ba ɗansa ya ɗora a mota, a sauke masa a tashar Dogon Dutsi. Dabino da cuku su ne tsarabar jirgi.

ABIN DA WUNI GUDA BA YA BAYARWA

Garin da ruwansa bai kai milimita 200 ba, ga kasuwarsa cike da albasa, tafarnuwa, dankalin turawa da tumatir, ga lemu a lokacinsa. Manomi dole ya tambaya: daga ina? Amsar tana cikin koramun Abzin. Ruwan da ya sauka kan duwatsu yana gangarowa ta korama, ya nutse cikin rairayi, ya kwanta kusa da sama. Koramar Telwa ce ke shayar da Agadas, kuma ita ce ta yi ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a watan Satumba na 2009. A bakin koramun ake haƙa rijiyoyi. Tun kafin zuwan injin ban ruwa, raƙumi ko sa ke jan guga: ya yi gaba, gugan ya hau ya zuba da kansa cikin kwararo, ya komo baya, gugan ya nutse. Yaro guda ya isa ya kora shi.

Mutanen dallol Mawri, masu ruwa kusa da ƙasa, masu noman dankali da rani, wannan ne abin da ya fi dacewa su gani. Amma manyan garake suna Tabelot da Timiya, cikin duwatsu, kan hanya mai wuya. Ba a zuwa a komo tsakanin saukar jirgi da tashinsa. Kuma fita bayan gari a jahar Agadas sai an tambayi hukuma halin da hanya ke ciki. Mai wuni guda iyakarsa garaken bakin Telwa na kusa da gari, su ma sai in ya rage zaman hira. Haka bikin Biyanu na watan Muharram, da taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, duk ba na mai sauri ba ne.

Ga dattijon Tibiri, lissafin ya fito. Masallaci, fada da tsohon gari da safe. Azahar a babban masallaci. Abinci a ɗakin ɗansa, ya ga inda yake kwana da waɗanda yake zaune da su, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo shi. Kasuwar bisashe in lokaci ya rage. Sannan filin jirgi tun da sauran lokaci, domin jirgi ba ya jiran wanda ya tsaya sallama. In kuwa garake yake son gani, to ya nemi tikitin da zai ba shi kwana uku ko huɗu a can, ya sami wanda zai riƙe masa ban ruwa har mako guda. Ko kuma ya je a jirgi ya komo a mota tare da gishirinsa, tunda motar a Dogon Dutsi za ta sauke shi, ba sai ya sake zagayawa ta Yamai ba.