Da me za a auna tallafin TETFund ga masu bincike?

Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, shi ke biyan kuɗin karatun digiri na biyu da na uku na malaman manyan makarantun gwamnati. Daga Janairun 2025 ya dakatar da tura su ƙetare, saboda tsadar canji da yadda wasu ke ƙin dawowa.

Adadin waɗanda aka tura shi aka fi shelantawa, don ƙirga shi ba wuya. Abin da ya kamata a bi sawu shi ne: nawa suka koma aji, nawa kuma suka tarar da ɗakin gwaji mai wuta? A masarautar Daura, mai kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, akwai ƙarin tambaya: wane bincike ya isa gonar geron manomin Sandamu?