Da Ɗan Gari Kan Ci Gari: Yini Guda a Tafkin Tizon da Matsirgar Tello

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa a hankali]

 Yau ku ɗaura takalma, ku ɗauki rigar sanyi, domin tudu za mu hau. Ƙasar Kamaru muka nufa, garin Ngaundere, babban birnin lardin Adamawa na can. Daga nan jagora zai ja mu zuwa wurare biyu kafin rana ta faɗi: wani tafki da ke zaune a kan dutse kamar an zuba ruwa a akushi, da wata matsirga inda kogi guda yake sako kansa daga sama. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To ku ara mini kunnuwanku, ni kuma in ara muku idanuna.

[Ƙarar jirgin ƙasa yana tsayawa, hayaniyar tasha]

Daga Yawunde jirgin dare na biyo. Layin dogon da ya taso daga kudu a Ngaundere ya ƙare, tun 1974 da aka kammala shi, shi ya sa garin ya zama mahaɗar fatake. Kayan kudu a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci zuwa Garwa da Marwa da Chadi, shanun arewa kuma ta nan suke gangarawa. Kana fitowa daga tasha za ka ji Fulatanci da Faransanci da Hausa suna cuɗanya a bakin 'yan achaba da masu kilishi.

Abin da ya fara gaishe ni shi ne sanyi. Garin yana bisa tudun da ya haura mita 1,000 daga matakin teku, iskarsa ta asuba tana ratsa riga. Ta gefe guda ga wani dutse da ƙaton curi a ƙoƙuwarsa, wanda daga gare shi garin ya samo suna. A harshen Mbum, mutanen da suka riga Fulani zama a wurin, Ngaundere na nufin dutse mai cibiya. A wajajen shekarun 1830 Fulani ƙarƙashin Arɗo Njobdi suka kafa sarautar da har yau Lamiɗo ke riƙe da ita. Sunan Adamawa kuwa, na can da na Najeriya, tushensa ɗaya: Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Wato wanda ya taso daga Yola ya zo nan, gidan dangi ya zo.

Jagoranmu dattijo ne siriri, da sanda a kafaɗa irin ta makiyaya, domin da kiwo ya tashi. Ba zan ambaci sunansa ba, Baba nake kiransa, shi kuma yana ce mini Malam. Mu shida ne a motar. Bayan gaisuwa, kafin direba ya tayar, sai da Baba ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duban ƙafafunmu. Da ya zo kaina ya ga silifas, sai ya girgiza kai ya ce, “Malam, inda za mu ba ya son wannan takalmin.” Ya tsaya har na koma masauki na sako mai igiya. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

[Ƙarar mota a kan turɓaya, kukan shanu daga nesa]

Tafkin Tizon ba shi da nisa da gari. Hanyar ta ratsa ciyawa mai tsayi da bishiyoyi jefi-jefi, ga garkunan gudale, shanun nan masu tozo da gajerun ƙaho da yankin ya yi suna da su, suna kiwo ba su ko ɗaga kai. A rassan wasu bishiyoyi na hango amya a rataye, don ƙasar zuma ce. Can motar ta tsaya a gindin wani tudu, muka hau da ƙafa. Ba abin da ke nuna maka akwai ruwa a gaba. Kana hawa kana haki, sai kawai ƙasa ta buɗe a gabanka.

Jama'a, na ga tafkuna, amma duk a kwari na saba ganinsu, inda ruwa ya gangaro ya taru. Wannan a sama yake. Zagayayye ne kamar faifai, bishiyoyi sun yi masa ƙawanya tun daga baki har gangare, ruwan kuma kore shar, a kwance, ba ya ko motsi. Mutanen wurin suna cewa yakan sauya launi, kuma a ɗan zaman da muka yi na ga gajimare ya gifta, koren ya koma baƙi-baƙi, rana ta dawo ya washe. Duk surutun da muke yi a mota ya ɗauke. Ba wanda ya ce a yi shiru, wurin ne ya sa.

Yaya aka yi ruwa ya hau dutse? Wannan rami bakin dutse mai aman wuta ne da ya daɗe da mutuwa. A zamanin da, narkakken dutse yakan taso daga cikin ƙasa. Idan ya ci karo da ruwan da ke ƙarƙashi, ruwan ya zama tururi nan take, ƙasa ta fashe, ta watsar da duwatsu da toka a kewaye. Abin da ya zube shi ya zama tudun da muka hau, ramin da ya rage kuma ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika shi a hankali. Irin waɗannan tafkuna suna da yawa a Kamaru, a jere suke bisa wani layi na tsofaffin duwatsun wuta da ya taso tun daga Dutsen Kamaru a bakin teku ya miƙo arewa maso gabas. Tsaunukan Mambila na jihar Taraba ma 'yan uwan waɗannan tuddai ne.

Wani matashi a cikinmu ya fara cire riga zai faɗa. Baba ya sa sandarsa a gabansa, ya ce masa, “Ɗana, tsaya ka gani.” Ya ɗauki dutse ya jefa taku kaɗan daga baki. Muka bi shi da ido yana nutsewa, yana nutsewa, har ya ɓace ba mu ga ya taɓa ƙasa ba. Tafki irin wannan ba shi da gaɓa mai sauƙi kamar ta kogi, inda ruwa ke fara maka daga idon sawu ya kai gwiwa. Bangon ramin a tsaye yake, taku biyu uku ka rasa ƙasa. Matashin ya mayar da rigarsa.

A nan dole in tuna da wani tafki ɗan uwan wannan, can nesa a lardin Arewa maso Yamma, wato Tafkin Nyos. A daren 21 ga Agusta 1986 iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙasan ruwansa ta ɓalle gaba ɗaya. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwaruruka kamar ambaliyar da ba a gani, ta shaƙe mutane sama da 1,700 da dubban dabbobi, akasarinsu suna barci. Shekara biyu kafin nan, a 1984, Tafkin Monun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Tun daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos don a riƙa fitar da iskar kaɗan-kaɗan. Kada hankalinku ya tashi: tafkunan da aka sani da tara wannan iska 'yan ƙalilan ne a duniya, Nyos da Monun da Tafkin Kibu na tsakanin Ruwanda da Kwango. Abin kiyayewa a Tizon zurfinsa ne. Amma darasin guda ne, ruwan da ya yi shiru ba a raina shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

[Kiɗan sarewa na ɗan lokaci]

Idan yanzu kuka kama mu, shirin musamman ne kuke saurare, yau daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru.

Daga tafki muka ɗauki hanyar gabas, wadda ta nufi Belel. Matsirgar Tello tana da nisan kilomita hamsin da wani abu daga gari, amma jar ƙasa ce, kilomitanta ba irin na kwalta ba ne. Da damina, wadda a nan takan kama tun daga Afrilu har Oktoba, hanyar takan zama caɓi, mota ta kafe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka, ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, kogi kuma bai ja baya ba tukuna. A wata ruga muka tsaya, Baba ya yi sallama da Fulatanci, aka kawo mana kindirmo a ƙwarya da ludayi. Da mu kaɗai ne, da mun wuce da ƙurarmu ba wanda ya san mu.

[Rugugin ruwa, yana ƙaruwa]

Kunne ne ke fara isa Tello kafin ido. Tun kana cikin ciyawa za ka ji rugugi kamar hadari na tasowa, alhali sama tarwai take. Sai ka iso bakin wani kwazazzabo cike da kurmi, ka fara gangarawa. Ƙasa ta jiƙe, saiwoyi sun fito kamar matakala, iska ta yi sanyi ta koma ɗanya. Baba yana gaba, yana nuna mana inda za mu sa ƙafa da bakin sandarsa.

Sai ga ta. Kogi ne ya zo bakin dutse ya rasa ƙasa, ya zubo daga tsayin da ya kai kimanin mita 45, fari fat kamar an warware bandir ɗin alawayyo. Feshinsa yana tashi kamar hayaƙi, rana ta ratsa shi ta zana bakan gizo a gabanka. In ka yi wa na kusa da kai magana, sai dai ya ga bakinka na motsi. Wanda ya san Matsirga ta kusa da Kafanchan, ko ta Gurara a jihar Neja, ya san irin wannan kwarjini.

Amma abin da ya sa Tello ta fita daban yana bayan ruwan. Dutsen sama mai tauri ne, na ƙasansa bai kai shi ba, sai feshin ruwa ya yi ta cin na ƙasan shekara da shekaru har ya rarake ƙaton kogo. Ana iya zagayawa a shiga. A kan hanyar zagayen ne na taka wani dutse mai gansakuka, ƙafata ta zame, jikina ya tafi gefen ramin. Takalmin ya ɗan cije, Baba ya cafko damtsena. Bai ce mini komai ba, ya dube ni, ya dubi takalmin. Da silifas ɗin safe ne a ƙafata, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. A wurin na gane abin da ake biya in an ɗauki jagora. Hanya kowa na iya tambaya ya samu. Sanin dutsen da ke da santsi kuwa sai wanda ya shekara yana taka shi.

Daga cikin kogon kana kallon duniya ta bayan labulen ruwa. Haske na shigowa yana rawa a jikin bango, ƙasa na girgiza a tafin ƙafarka. Da muka fito azahar ta yi, muka yi alwala da ruwan da ke sa haƙora su haɗu don sanyi, muka yi salla a kan wani fa.

[Rugugin ruwa ya lafa]

Muna cin kilishi da burodi sai Baba ya zana layi uku a ƙasa da sandarsa. Ya ce ruwan saman da ke sauka a wannan tudu gida uku yake rabuwa. Haka yake kuwa, shi ya sa ake yi wa Adamawa laƙabi da rumbun ruwan Kamaru. Wani ya gangara kudu ya shiga kogin Sanaga, ya faɗa Tekun Atlantika. Wani ya bi kogin Logon har Tafkin Chadi. Wani kuma ya zama Binuwai, ya bi ta Garwa, ya shiga Najeriya, ya ratsa Yola da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja bayan tafiyar kusan kilomita 1,400. Mai noman rani a fadamun Yola, da masunci a Tafkin Chadi, da mai kwale-kwale a Lakwaja, duk daga wannan tudu ake aiko musu da abinci.

Shi ya sa abin da na gani a hanya ya tsaya mini a rai: buhunan gawayi a jere a bakin titi, da fegin daji da wuta ta cinye, da ledoji da robobin ruwa da masu yawon buɗe ido suka watsar har a gindin matsirga. Bishiya da ciyawa su ne ke riƙe ruwan sama su ba ƙasa ta sha, ƙasa kuma ta riƙa sakinsa sannu-sannu har cikin rani. In aka aske tudu, ruwan zai taho gaba ɗaya da damina ya yi ɓarna a kwari, da rani kuma a nema a rasa. Kafin mu tashi Baba ya zaro buhu daga aljihu ya fara tsince shara. Bai umarci kowa ba. Dukanmu muka duƙa.

Ga mai niyyar zuwa, ga guzuri: ka fita da sassafe, ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe rigar sanyi da ruwan sha, ka tanadi 'yan kuɗin sefa a hannu, ka gai da mutanen da ka tarar kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoto. Ka nemi jagora ɗan wurin, ku daidaita lada tun a gari, ka biya shi da daɗin rai, in ya ce tsaya ka tsaya. Abin da ka kai kuma ka dawo da shi.

Mun shigo Ngaundere ana kiran magariba, jikinmu ja wur da ƙura. Na riƙe hannun Baba da hannu biyu na yi masa godiya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, ya saɓa sandarsa ya bi lungu.

Ku da ke bakin Binuwai, gobe da safe in kun je ɗiban ruwa ko ban ruwan albasa, ku ɗan tsaya ku dube shi. Na je garinsu, na ga masu tsaron ƙofarsa, kuma sun ce a gaishe ku.

A nan za mu ja zaren shirin namu na yau.  

[Kiɗan rufe shiri]