Mamacin da Bai Daina Waƙa Ba

Ƙulunƙulufit! Kada ku yi saurin cewa gauta, ku bari in kai aya. Wane abu ne ya binne kakansa, ya binne ubansa, aka harbe ubangidansa, daga bisani shi kansa aka kai shi makwanci, amma da aka share makoki sai aka ji shi yana waƙa?

Wanda kunnensa ya saba da kiɗan Turawa zai yi wuf ya ce Rolling Stones, kuma ba zan yi masa dariya ba. Waɗannan mutanen Ingila sun fara hawa dandamali a Landan cikin watan Yuli na 1962. Brian Jones, wanda ya haɗa su, ya mutu a 1969. Mai jitar da ke riƙe musu gindin kiɗa, Bill Wyman, ya ajiye aiki a 1993. Mai gangarsu Charlie Watts, da ya zauna kan kujerar tun 1963, ya mutu a 2021. Duk da haka a 2023 suka fitar da sabon faifai, alhali Mick Jagger ya cika shekara 80. Amsar ta yi kusa, sai dai ta faɗi a wuri biyu. Jagger da Keith Richards suna nan da ransu, kuma babu wanda ya gaji ƙungiyar daga kakansa a cikinsu. A sake lale.

Ga alama guda. Daren da yaran Landan suke lalubar wayoyin jita a karon farko, mutumin da nake nema ya riga ya haura hamsin. Rawani ne a kansa. Mutanensa na tsaye a bayansa, kowa da kotso a rataye. Wanda suke yi wa waƙa kuwa shi ne Firimiyan Jihar Arewa.

Na ga wasu sun fara murmushi. E, shi ne: Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun. Ko in gyara zance, ƙungiyarsa ce, domin ita ce ba ta mutu ba. An haife shi a ƙasar Bakura kafin 1910, ya tarar da mahaifinsa Usman Ɗankwanda yana kiɗan noma da na fada a ƙasar Maradun, kamar yadda shi ma ya tarar da nasa uban. Bayan Usman, wan Musa, Abdu Kurna, ya ja ragamar. Bayan Kurna sai Musa. Da Musa ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotso suka ci gaba. Ko da lissafin marowaci aka yi, an haura shekara 80 ana kiɗa ɗaya a gida ɗaya.

To, wannan ƙaramin kacici-kacicin ke nan. Babban yana gaba. Makaɗa nawa aka yi a ƙasar Hausa, daga Adar har Zazzau, waɗanda aka rufe kiɗansu rana ɗaya da su? Me ya hana wannan ƙungiya bin sahunsu? Akwai mai laifi, kuma yau sai mun kama shi.

Wadda kowa ke fara nunawa da yatsa ita ce murya. Ba a musun zaƙin muryar Ɗanƙwairo. Har yanzu in ka ratsa tashar Ƙonni, ko ka zauna teburin mai shayi a hanyar Tawa, da wuya ka tashi ba ka ji ta tana fita daga wayar wani ba. Amma mu tambayi muryar nan tambaya ɗaya: ina kike tun 1991? Tana cikin kaset. Murya ba ta gadon gida, tare da mai ita ake binne ta. In da murya ke riƙe ƙungiya, ai da ta Mamman Shata ba ta taɓa girgiza ba. Mutumin Musawa ya shekara fiye da hamsin yana waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, babu lungun da kalangunsa bai shiga ba. Ya rasu a 1999. An yi masu kwaikwayonsa, har daga cikin gidansa, amma kowa ya san wurin nan a buɗe yake. Ku riƙe sunan Shata a aljihu. Za mu neme shi.

Sai ubangida. Wannan zargi yana da nauyi, domin makaɗin fada ba ya rayuwa da tafi. Doki, riga, hatsi, kujerar Makka, duk daga hannun ubangida suke fitowa, kuma a farkon shekarun 1960 Ɗanƙwairo ya samu ubangidan da babu kamarsa a Arewa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Wa zai watse daga irin wannan inuwa? Sai dai inuwar ba ta daɗe ba. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a Kaduna. A shekarun da suka biyo baya gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Fadar da ke ciyar da makaɗi ita kanta ta koma jiran albashi. In ubangida ne ke riƙe da ƙungiyar, a nan ya kamata a yi jana'izarta. Ba a yi ba. Ta karkata wajen 'Yandoton Tsafe Aliyu, ta zaga fadoji da gidajen attajirai, ta ƙara shekara 25 da jagoranta bayan Sardauna. Mun sallami ubangida.

Na san akwai wanda ke raɗa mini a kunne cewa asiri ne. Haba malam. Wane makaɗi ne a zamanin bai ɗaura laya ba? In laya ce, me ya sa ta yi wa gida ɗaya aiki ta bar ɗari?

Rediyo fa? Nan na ɗan tsaya, domin shekarun sun yi daidai har abin ya ba ni tsoro. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Kaduna, wanda muryarsa ke tsallaka iyaka ta shiga Nijar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Bayansa kaset ya zo, bayan kaset katin waya. Ba shakka su suka kai Ɗanƙwairo garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Amma abin da na'ura ke adanawa waƙa ce, ba mutanen da ke yin ta ba. Ibrahim Narambaɗa na Isa yana cikin kaset. Ɗan Gurmu na Tawa, Nijar ta karrama shi da gasar waƙa mai ɗauke da sunansa, gasa kuwa ba ƙungiya ba ce. A Ingila ma, har gobe ana sayen faifan Beatles, amma su kansu tun 1970 suka raba gari, bayan shekara goma kacal. Rediyo shaida ne. Ba shi ya aikata ba.

Saura ɗaya. Kuma shi ne ya fi kama da mai laifi.

Jini. Gado. Kaka, uba, wa, ƙane, ɗa. Shata haye ya yi, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, Ɗanƙwairo kuwa a cikin kiɗa ya buɗe ido. Shi ke nan, an gama shari'a, a kawo ankwa?

A dakata. Yaushe jini ya zama maganin rabuwa a ƙasar da ta san 'yan ubanci? Gonaki nawa aka yanka gida huɗu kafin a yi sadakar arba'in? Gidajen makaɗa nawa 'ya'yan suka watse, wannan ya koma tireda, wancan ya tafi ci-rani? Turawa ma ba su tsira ba. Ƙungiyar Oasis ta Manchester wa da ƙane ne suka riƙe ta, uwa ɗaya uba ɗaya, Noel da Liam Gallagher. A 2009 suka yi faɗa a birnin Faris dab da hawa dandamali, ba su sake waƙa tare ba sai 2025. Jini yana ba ka magaji. Ba ya ba magajin abin da zai gada.

An sallami kowa ke nan. Ɗaki ya zama wayam. Mamaci kuwa yana ta waƙa.

Kun gaza? To ku ba ni gari. Ƙonni? Hayaniyar bakin iyaka ta yi mini yawa. Malbaza? Ƙurar siminti za ta shaƙe ni. Illela? Ku ƙara. Tajaye? Na karɓa, da geronta da awakinta. Ku matso.

Mai laifin bai taɓa ɓuya ba. Yana cikin kowane kaset, a bayan jagora yake tsaye, mu ne ba mu dube shi ba. Ku kunna kowace waƙar fada ta Ɗanƙwairo, amma wannan karon ku ƙyale shi, ku bi mutanen da ke bayansa. Zai ɗauko ɗan waƙa. Zai kai shi tsakiya. Sai ya saki.

Wa ya cafe?

'Yan amshi. Kuma ba gindin waƙa suka koma ba. Maganar da ya fara suka ƙarasa masa, kalma bayan kalma, baki ɗaya, babu mai tuntuɓe. Wani lokaci su zarce da layi biyu ko uku da bai furta ba sam, sannan su sauko kan gindin waƙa, shi kuma ya riga ya numfasa ya ɗauko wani ɗan. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da bambance amshi zalla da irin wannan karɓi da ƙari. Tambayar mai bincike ita ce: yaya aka yi suka san abin da zai faɗa?

Sun sani domin tare aka shirya ta. Waƙar fada irin ta kotso ba a filin wasa ake haihuwarta ba. A gida ake zama, a jera asalin basarake da kakanninsa, a auna zambon abokin hamayya, a gwada da kiɗa, a maimaita har ta zauna a bakin kowa, sannan a fita da ita. Kuma masu amshin nan su ne masu kotson, hannu na kiɗa baki na waƙa. Ashe duk wanda ya shekara goma a bayan Ɗanƙwairo ba amshi kaɗai ya haddace ba. Ya haddace waƙoƙin sukutum, da kiɗansu, da inda ake shiga da inda ake fita, da yadda ake ƙera sabuwa.

Yanzu ku fito da Shata daga aljihu. Shi nan take yake yin tasa. Ya dubi taro, ya ga fuska, waƙa ta zo. 'Yan amshinsa layi guda suke riƙe da shi suna maimaitawa, duk sauran yana cikin kansa, shi ya sa ba ya rera waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya. Wannan baiwa ce da ta fi ƙarfin koyo, kuma a ganina ita ce ta sa ba a iya gadonsa. Shata ya zuba irinsa duka a rumbu ɗaya, babba, wanda babu kamarsa. Gidan Maradun suka rarraba nasu a rumbuna da yawa. Manomin Tajaye ya san wanda zai yi shuka in gobara ta tashi.

Mai laifin yana da abokin aiki, kuma shi ma a fili yake. Ƙungiyar makaɗan fada fada ce ƙarama, da sarautunta. Yaro yana farawa da ɗan kanzagi, kamar yadda Musa ya fara a bayan mahaifinsa a gonakin gayya. In hannunsa ya faɗa sai ya shiga amshi. Daga cikin masu amshi ake naɗa Daudun kiɗi, mataimakin jagora, wanda zai ja waƙa in jagora ba ya nan. Musa kansa Daudu ne a ƙarƙashin Kurna kafin ya zama Ɗanƙwairon da duniya ta sani. Wato tun jagora na da rai an san wanda zai hau, an ji muryarsa a gaba, an saba da ita. Ranar rasuwa babu abin da ya rage a yi gardama a kansa.

Mu gwada mabuɗin a wata ƙofa mu ga ko zai buɗe. A 1980 mai gangar Led Zeppelin, John Bonham, ya mutu. Mutum huɗu ne, kiɗansu a dandamali ya dogara da yadda suke karantar juna nan take, babu na biyar da ya san hanyar. Kafin shekarar ta ƙare suka sanar sun rufe. Rolling Stones kuwa, da ciwo ya kwantar da Watts a 2021, Steve Jordan ya hau kujerar, mutumin da ya yi aiki da Richards tun shekarun 1980, ya san kiɗan ciki da bai. Ba su naɗa shi Daudu da rawani ba, amma aikin Daudu ya yi. Mabuɗi ya buɗe.

Kada a ce na ce 'ya'yan sun kai uban. Ba su kai ba, kuma tsarin bai yi alkawarin haka ba. Abin da ya yi alkawari shi ne waƙa ba za ta rasa bakin da zai rera ta ba. Yana da tsadarsa kuma: shekara ashirin, talatin, mutum na tsaye a bayan wani, ana yi wa wani kirari, kyauta ta zo jagora ya raba ya miƙo masa nasa kason. Matashin yau da ke shiga situdiyo a Kano ko Maraɗi ba zai yi wannan haƙuri ba. Kwamfuta ce ke masa kiɗa, mai amshi kuwa hayarta ake yi na yini guda, gobe tana wajen wani.

Tsofaffin 'yan amshin kotso da taushi da suka rage a Zamfara da Gobir da Adar ba su da yawa, kuma a kansu akwai waƙoƙin da ba su taɓa shiga kaset ba. Gidajen rediyon Ƙonni da Tawa da Sakkwato da Gusau, ku aika a nemo su, a zaunar da su gaban na'ura, a tambaye su sunayensu da na waɗanda suka tsaya tare da su, tun suna iya ƙarasa layin.