Tabarmar Maganaɗisu da Cutar Cizon Kaska: Me Ake Sayar wa Masu Lyme?

A shekarar 1975 iyaye mata a garin Lyme da ke jihar Konetikat ta Amurka suka ga yaransu na kwanciya ɗaya bayan ɗaya da kumburin gwiwa irin na tsofaffi. Wata daga cikinsu, Polly Murray, ta matsa wa hukumar lafiya ta jihar lamba har aka sa Dakta Allen Steere na Jami'ar Yale ya bincika. Sai a 1982 Willy Burgdorfer ya bayyana wa duniya mai laifin, wata ƙwayar bakteriya mai murɗaɗɗen jiki da ke zaune a cikin hanjin kaska. Yau hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa ana yi wa mutum kusan 476,000 maganin cutar kowace shekara a ƙasar. Akwai ta kuma a Turai da arewacin Asiya.

Kaskar da ake magana a kanta ba irin ƙatuwar nan ba ce da makiyayi ke cirewa a hantsar saniya. Ƙaramarta ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, tana rayuwa a jikin ɓeraye da barewar dajin can, kuma galibi sai ta yi fiye da yini guda maƙale a fata kafin ta zuba cutar. Mafi yawan waɗanda suka kamu sukan ga jan tabo yana faɗaɗa a inda aka cije su, ga zazzaɓi da ciwon kai. In an gano da wuri, maganin kashe bakteriya kamar dokisaikilin na mako biyu ko makamancin haka yakan gama da ita. In an bari, takan kai ga gaɓɓai, ko zuciya, ko ta shanye ɓarin fuska.

Rigimar tana farawa ne bayan an gama shan magani. Wani kaso na marasa lafiya, kamar ɗaya cikin goma, sukan shafe watanni ko shekaru da kasala, ciwon jiki, mantuwa da rashin barci. Likitoci sun yarda ciwon gaskiya ne, amma yawancinsu ba su yarda ƙwayar na nan da rai ba. Wasu marasa lafiyar da tsirarun likitoci kuwa sun tsaya a kan cewa cutar ce ta zama ta dindindin, ta ɓuya a jiki. An gwada maganar. A 2001 Mark Klempner da abokan aikinsa suka ba marasa lafiya magani na wata uku, ɗaya ta jijiya, biyu ta baki, ba su fi waɗanda aka ba maganin wofi samun sauƙi ba. A 2016 masu bincike a ƙasar Holan suka yi gwaji mai kama da wannan da mutum kusan 280, sakamakon bai sauya ba.

To mutum ya sha magani, ciwo na nan, likita ya ce gwaji bai nuna komai ba. Hausawa na cewa wanda ya faɗa ruwa, ko takobi aka miƙa masa zai kama. A nan ne masu na'urar PEMF, wato tabarmar maganaɗisu, suka shigo da hajarsu.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Ana naɗe wayar tagulla, a riƙa sakar mata wutar lantarki ana ɗaukewa sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Kowane bugu yana haifar da ƙarfin maganaɗisu wanda ke ratsa fata da tsoka, ya tayar da 'yar siririyar wuta a cikin naman jiki. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce tun 1831. Kuma tana da asali mai kyau a likitanci. A shekarun 1950 likitan Japan Iwao Yasuda ya nuna cewa ƙashi kan fitar da ɗan lantarki idan aka danne shi, daga baya Andrew Bassett na Jami'ar Kolombiya ya ɗora a kan wannan, har a 1979 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a yi amfani da na'urar ga karayar da ta ƙi haɗewa. A 2008 ta amince da wata 'yar uwarta mai ƙarfi sosai, wadda ake kafawa a kai, don maganin ciwon damuwa.

Wannan tarihin ne 'yan kasuwa ke aro. Za ka ji suna cewa hukuma ta amince da fasahar, amma ba za su ƙara da cewa don ɗorin ƙashi ba ne. FDA ba ta amince da wata na'urar PEMF don maganin Lyme ba. Tabarmar da ake sayarwa a intanet, wadda wata kan kai dubban daloli, sau da yawa ƙarfinta da yanayin bugunta sun sha bamban da na na'urar asibiti. Akwai kuma wayon cewa an yi wa kaya rajista a hukumar, alhali rajista shigar da suna ne a kundi, ba shaida ba ce cewa abu na warkarwa.

Iƙirarin iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Na farko shi ne na'urar na rage ciwo da kumburi. Wannan yana da ɗan makama: an yi gwaje-gwaje a kan masu amosanin gwiwa, wasu sun nuna ɗan sauƙi, wasu ba su nuna ba. Mai fama da ciwon jiki bayan Lyme zai iya kwanciya a kan tabarmar rabin sa'a ya tashi ya ji dama-dama, ko da kuwa hutun ne da sa rai suka yi aikin. Wannan ciwo dama hawa da sauka yake yi, mutum kuma yakan sayi na'ura ne a lokacin da ya fi jin jiki, saboda haka duk sauƙin da ya biyo baya na'urar ake yi wa godiya. Iƙirari na biyu shi ne bugun na farfasa ƙwayar cutar. Wannan gadon Royal Rife ne, Ba'amurken da ya yi da'awar haka a shekarun 1930, kuma har yau babu gwajin asibiti da ya tabbatar da shi. A 2015 Paul Lantos da wasu likitocin cututtuka masu yaɗuwa suka tattaro fiye da hanyoyi 30 da ake tallata wa masu Lyme, har da na maganaɗisu, suka bi rubuce-rubucen kimiyya ba su sami hujjar da ke goyon bayansu ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a tallar shi ne yadda aka toshe kowace ƙofar ƙorafi. In ka ji sauƙi, na'ura ta yi aiki. In jikinka ya ƙara rikicewa, sai a ce maka ƙwayoyin ne ke mutuwa suna zubar da dafi, ka daure ka ƙara lokaci. Gaskiya ne akwai irin wannan zazzaɓin, amma yana zuwa ne cikin yinin farko na fara shan maganin bakteriya, ba wata da watanni a kan tabarma ba.

A ƙasashenmu Lyme ba cutar gida ba ce, sai dai ga wanda ya zauna a arewa maso gabashin Amurka ko dazuzzukan Turai. Amma tana da 'yar uwa a yankin Sahel, zazzaɓi mai tafiya yana dawowa wanda wata kaska da ke zaune a ramukan ɓeraye ke yaɗawa. An yi nazarinsa sosai a ƙauyukan Senegal, inda ake yawan ɗaukarsa a matsayin zazzaɓin cizon sauro. Shi ma maganin bakteriya ne ke kashe shi.

Na'urar PEMF ba ta cika yin illa ga yawancin mutane ba, ko da yake ana hana ta ga mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya da kuma mai juna biyu. Babban haɗarin yana wajen lokacin da take cinyewa. Kasala da ciwon jiki alamomi ne na cututtuka da dama: matsalar maƙoƙo, ƙarancin jini, ciwon damuwa, har da ciwon daji. A 2015 wata mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta kawo labarin mutum uku da aka daɗe ana yi musu maganin Lyme ta dindindin. Da aka sake duba su, ɗaya ƙari ne a gindin ƙwaƙwalwarsa, ɗaya dajin ƙwayoyin garkuwar jiki ne, na ukun kuma dajin huhu.