Cinikin wakili, cinikin wa ne?

Manomi ba ya iya zuwa kowace kasuwa da ƙafarsa. Shi ya sa ake naɗa wakili. Wakili shi ne wanda ka ba izini ya saya ko ya saida da sunanka. To, in ya ƙulla ciniki, yaushe cinikin yake hawa kanka?

Ga misali. Wani mai albasa a Galmi ya ba ƙanensa buhu 20 ya kai kasuwa. Ya ce mishi: "Kada ka saida buhu ƙasa da jikka 15, kuma kuɗi hannu." Ƙanen ya saida a jikka 16. Washegari albasa ta yi tsada. Mai albasa ba shi da damar cewa a maido mishi da kayansa. Ciniki ya faɗa, kamar shi da bakinsa ya ce "na sallama".

Amma in ƙanen ya saida a jikka 12, ko ya ba da bashi, ya wuce iyaka. Zaɓi yana hannun mai albasa: ya amince, ko ya ƙi. Shari'ar Musulunci da dokar ƙasarmu duk sun dace a kan wannan. Sai dai amincewa ba sai da baki ba. In ya ji yadda aka yi, ya amshi kuɗin ya kashe, to ya yarda ke nan.

Ga wurin da mutane da yawa suke yin hasara. Ka saba aika yaronka ya ɗauko taki bashi wurin wani ɗan kasuwa. Kun ɓata, ka sallame shi, amma ba ka gaya ma ɗan kasuwan ba. Yaron ya koma ya ɗauki buhu 3 da sunanka. Kai za a bi bashin, don ɗan kasuwan bai san ka tsige shi ba.

Don haka, kafin ka naɗa wakili, ka faɗi iyakar aikinsa gaban shaidu. Tun da yanzu ka iya rubutu, sa shi a takarda: sunan kaya, yawansu, kuɗinsu da rana. Ku sa hannu ku biyu. Ran da ka tsige shi kuwa, ka sanar da duk waɗanda kuke hulɗa da su. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Wane ne wakili?
2. Yaushe mai kaya yake iya ƙin cinikin wakilinsa?
3. In ka tsige wakilinka, su wa za ka gaya ma?