Gangamin zawarawan Kano da bai yiwu ba

A watan Janairun 2009 ne wata ƙungiyar zawarawa da marayu, a ƙarƙashin jagorancin Hajiya Altine Abdullahi, ta sanar da cewa mata za su fito kan titunan birnin Kano ranar 29 ga watan, domin nuna damuwa a kan yawaitar sakin aure da kuma halin da matan da aka saka ke shiga.

Kafin ranar ta zo, hukumar Hisbah ta hana gangamin. Babban daraktanta na lokacin, Dokta Sa'idu Dukawa, ya bayyana shi a matsayin abin kunya wanda bai dace da Musulunci ba. Matan ba su fito ba, balle su kai kokensu gidan gwamnati da ke unguwar Nassarawa, inda masu zanga-zanga a Kano suka saba dosa.

Abin lura shi ne, yawancin abin da matan ke kuka a kai haƙƙoƙi ne da shari'a ta riga ta ba su. Matar da aka yi wa saki na kome tana da haƙƙin ci da wurin kwana a kan mijinta har ta gama idda. Ciyar da 'ya'ya wajibin uba ne ko bayan rabuwa, kuma a mazhabar Malikiyya uwa ce ta fi cancantar riƙonsu, matuƙar ba ta yi wani auren ba. Amma a zahiri, sau da yawa akan kori mace ranar da aka miƙa mata takarda, wani lokacin a karɓe yaran, wani lokacin a bar mata su babu ko sisi. Jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun shekarar 2000 ba ta da hujjar cewa ba ta san waɗannan hukunce-hukunce ba.

Ta fuskar doka ma akwai magana. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin taro cikin lumana, sannan a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa ba sai an nemi izinin 'yan sanda ba kafin gangami. Jam'iyyar ANPP ce kan gaba a wannan ƙara, bayan da 'yan sanda suka tarwatsa taronta a Kano a 2003, kuma ita ce ke mulkin jihar a ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau lokacin da aka hana zawarawan fitowa.

Duk da haka maganar ba ta mutu ba. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta hannun Hisbah ɗin nan a ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa, ta soma shirin auren zawarawa da mata ɗari, inda ta ɗauki nauyin kayan ɗaki da jari, bayan an yi gwajin cutar ƙanjamau. A watan Oktoban 2023 kuwa an ɗaura aure 1,800 a rana guda.

Sai dai aurar da bazawara daban, tilasta wa tsohon mijinta ya ciyar da 'ya'yansa daban. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya gabatar da batun dokar iyali da za ta taɓo wannan ɓangare, lamarin da ya haifar da zazzafar muhawara tsakanin malaman jihar.