Dashen Na'urar Motsa Jijiya Ga Masu Farfaɗiya

1.0 Gabatarwa

Kalmar "jijiya" a Hausa tana da faɗi, domin ta haɗa hanyar jini da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Wannan takarda ta shafi kashi na biyu ne. Cikin masu farfaɗiya, kusan kashi ɗaya bisa uku magani ba ya tsayar musu da faɗuwa. Saboda irinsu aka ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai batir da ake dasawa a jiki. An fara dasa ta ga ɗan'adam a Amurka a 1988, hukuma kuma ta amince da ita a can a 1997.

2.0 Jijiyar Da Ake Nufi

Likitoci suna kiranta "bagus", wato "mai yawo" da Latinanci, don ta taso daga tushen ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta gangara zuwa zuciya da huhu da ciki. Guda biyu ce, hagu da dama. Ta hagu ake zaɓa, saboda ta dama ta fi tasiri a kan bugun zuciya.

3.0 Yadda Ake Tiyatar

Ana sa wa majinyaci barci, sannan a tsaga wuri biyu. Na farko a gefen hagu na wuya, inda jijiyar ke kwance tsakanin manyan hanyoyin jini biyu; a nan likita zai naɗa mata bakin wata siririyar waya. Na biyu a saman ƙirji, inda za a ajiye na'urar a ƙarƙashin fata. Daga nan sai a zura wayar ta ƙarƙashin fata a haɗa su, a ɗinke. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu.

Galibi sai bayan mako biyu ake kunna ta. Takan aika lantarki kaɗan na daƙiƙa 30, ta huta minti 5. Ana kuma ba majinyaci maganaɗisu, ya goga a ƙirji idan ya ji alamar ciwon.

4.0 Kammalawa

Ya kamata a lura cewa na'urar rage yawan faɗuwa take yi, da wuya ta kawar da ita. Majinyaci zai ci gaba da shan magani, murya takan dishe lokacin da take aiki, kuma idan batir ya ƙare bayan shekaru, sai an sake ƙaramar tiyata.